Gefen Gaba na Kaset ɗin Zenaida

Kifin bangus ɗaya yana da ƙaya kusan ɗari biyu, kuma Zenaida Macaraeg ta san inda kowacce take kwance. Shekara goma sha tara ta yi a tebur na huɗu cikin layin masu cire ƙaya na kasuwar Dagupan. Takan tsaga kifi ta baya, ta shimfiɗe shi, ta bi shi da hantsaki layi-layi, kafin mai saye ya gama tambayarta lafiyar yara kifin ya koma tsoka zalla. Tana aiki tana waƙa. Ba wanda ya ɗauki wannan a bakin komai, domin a garinmu kowa mawaƙi ne. Mai aski yana waƙa, ɗan sanda yana waƙa, har Fada a coci sai an yi masa tari sau biyu kafin ya saki abin magana ranar Lahadi.

Abin da ya bambanta Zenaida shi ne ita tana ci. Kowace unguwa tana da bikin waliyyinta na shekara, kowane biki yana da gasar waƙa, kowane ɗan takara kuma yakan zo da kaset ɗinsa na kiɗa zalla, ya miƙa wa mai lasifika, ya hau ya ɗora murya a kai. Wanda ya fi hawa sama a ƙarshen waƙa bai faɗo ba, shi ke tafiya da kyauta. A haka Zenaida ta tara fanka biyar, dutsen guga uku, da agogon bango huɗu da ba su taɓa yarda da juna a kan ƙarfe nawa ba. Mijinta Inggo, mai babur ɗin haya, yakan ce idan ta ƙara cin fanka ɗaya gidan zai tashi sama da su.

Amma ba fanka take nema ba. Burinta ƙarami ne, har tana jin nauyin faɗinsa. Tana so wata rana ta bi ta wani layi inda ba a san ta ba, ta ji muryarta tana fitowa daga gidan wani, alhali ita tana tsaye a waje. Mutum ɗaya ta gaya wa, wato Inggo, ta kuma roƙe shi ya riƙe. Inggo ya riƙe har zuwa tashar babura.

A nan Manong Pilo Quinto ya ji. Manong Pilo gyaran rediyo yake yi a gaban shago, a bayan shagon kuma yana da ɗakin ɗaukar murya da ya lulluɓe da kwalin ƙwai. Aikinsa na gaske shi ne yi wa 'yan takara waƙar kamfe. Zaɓen watan Mayu na 1995 ya wuce, mutum biyar ɗin da ya yi wa waƙa duk sun faɗi, na gaba kuma sai bayan shekara uku. Ya zo kasuwa da rigarsa mai dogon hannu, ya tsaya nesa da ruwan kifi, ya shaida wa Zenaida cewa ya daɗe yana neman murya irin tata, kuma yana da waƙoƙin soyayya guda biyar da ya ajiye don ranar da zai same ta.

Da ta je ta saurara sai ta gane su duka. Waƙoƙin kamfen nan ne ya rage musu gudu, ya cire ganga, ya zuba goge. Ta huɗu ita ce ta wani ɗan takarar kansila da ya zo na ƙarshe, wadda aka wuni wata guda ana zagaya gari da ita a bayan mota. A wancan lokaci, da hannu ake rubuta sunan ɗan takara a takardar ƙuri'a, ranar Litinin kuma ake zaɓe, don haka amshin waƙar yana cewa ka rubuta sunana, kada ka manta da ni ranar Litinin. Manong Pilo bai taɓa ko kalma ɗaya a amshin ba. Sunan ɗan takarar kawai ya cire ya sa "masoyi" a gurbinsa. Zenaida ta tambaye shi me zai faru ranar Litinin a cikin soyayyar. Ya ce wannan shi ne zurfin waƙar, kowa zai sa tasa Litinin ɗin.

Sati uku suka yi suna ɗauka, kullum bayan ta tashi daga kasuwa. Kwalin ƙwai yana tare zancen maƙwabta amma ba ya tare zakaran gidan baya, ba ya kuma tare ƙararrawar mai askirim da ke tsayawa daidai ƙofar shago ƙarfe uku. Inggo ne aka ɗora wa aikin sayen askirim don mai shi ya yi shiru, har ya yi ƙiba. A ƙarshen "Ka Rubuta Sunana" Manong Pilo ya ɗaga waƙar hawa ɗaya, ya ga Zenaida ta kai ba wahala, sai ya ƙara ɗaga ta wani hawan. Ya ce a Manila haka ake yi. Sau goma muryarta tana tsagewa a wurin. Ta sha ruwan citta har harshenta ya daina jin ɗanɗano, ta kwana biyu ba ta yi wa kowa magana ba, a kasuwa da yatsa take ciniki. A karo na sha ɗaya ta hau, ta zauna a can sama har Manong Pilo ya ƙirga goma sha huɗu da yatsunsa. Sannan ta sauko. Ta zauna a kan wata tsohuwar talabijin tana kallon zaren kaset yana juyawa, tana tunanin yanzu abin ya fita daga jikinta ya shiga wani wuri da ba zai gaji ba.

Sai batun hoto. Manong Pilo ya ce Macaraeg sunan da ake kira a layin asibiti ne, ya raɗa mata Zenaida del Cielo. Aka aro doguwar rigar da 'yar kantoma ta sa a gasar sarauniyar kyau, aka matse ta da allura goma a baya. Mai hoto ya dubi hannayenta, waɗanda ƙaya ta yi wa zane tun tana budurwa, ya aika a samo farar safar hannu. Ya tsayar da ita gaban labule mai dutsen ƙanƙara, ita da ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba sai wadda ake zuba wa kifi. A bayan kwalin kaset aka jera sunayen waɗanda suka taimaka, daga mai gidan sayar da akwatin gawa har mai kyamis, jerin ya fi na waƙoƙin tsawo sau huɗu.

Waƙa biyar ba ta cika kaset ba. Wannan bai dami kowa ba, don an san yadda ake yi. Gefen gaba a sa waƙoƙin da muryar mawaƙi, gefen baya a sa su kiɗa zalla, saboda mai son ya gwada. Duk kaset ɗin da Zenaida ta taɓa saye haka yake, kuma da gefen baya na kaset ɗin wasu ta ci fankokinta biyar. Ko sau ɗaya ba ta tsaya ta tuna yaushe rabon da ta saurari gefen gaba nasu ba.

An ƙaddamar da kaset a filin ƙwallon kwando ranar wata Lahadi da yamma. Masu cire ƙaya suka zo layi guda da kayan coci. Ɗan takarar kansilan nan da ya faɗi ya sayi biyu, yana cewa da haka aka rera ta tun farko da yanzu yana ofis. Cikin kwana goma babu sauran ko ɗaya a shagon Manong Pilo, sai da ya sake bugawa.

Zenaida ta fara dawowa gida da ƙafa, ta doguwar hanya. Ta ce wa Inggo likita ne ya ce ta riƙa tafiya.

Kwana na uku ta jiyo gogen farkon waƙarta daga shagon aski. Ta tsaya bayan wata motar kankana tana jiran muryarta ta shigo. Murya ta shigo, amma ta mai askin ce, yana riƙe da reza a hannu ɗaya da abin magana a ɗaya, wani bawan Allah yana zaune da rabin gemu yana jira a gama amshi. Ta wuce. A layi na gaba matar mai kyamis ce. A gaban ofishin 'yan sanda, sajan ne da kansa, ya rufe ido. Kafin ƙarshen wata babu zanen suna, babu biki, babu zaman makoki da ba a yi "Ka Rubuta Sunana" ba. Mai gabatarwa a wani ƙaramin gidan rediyo ya sa ta sau uku a rana ɗaya, duk ukun shi ya rera, ya kuma gode wa masu sauraro da suka bugo waya. A kasuwa mutane suna tsayawa a tebur na huɗu suna yi mata barka, suna cewa ba su taɓa samun kaset da ya dace da muryarsu irin wannan ba.

A tebur na biyar ƙawarta Auring take. Zenaida ce ta riƙe ɗan Auring na fari a coci ranar baftisma, don haka Mare suke kiran juna, kuma shekara goma sha biyu Auring tana zuwa ta biyu a duk gasar da Zenaida ta ci. Wata safiya Zenaida ta daure, idonta a kan kifi, ta tambaye ta ko ta saurari gefen gaba.

"Wane gefen gaba, Mare?"

"Inda nake."

"Ayyo, wancan. Mai kyau ne sosai, kowa ya ce mai kyau ne. Ai mu yanzu ba mu da shi."

Auring ta yi mata bayani cikin jin daɗi, kamar mai koya wa mutum dabarar girki. A gida su bakwai ne, kowa yana son ya rera, kuma duk wanda ya gama sai an mayar da zare baya, batir yana ƙarewa, yara suna faɗa. Sai surukinta ya liƙe 'yan ramukan saman kaset da salatif, ya haɗa rikoda biyu, ya kwafe gefen baya a kan gefen gaba. Yanzu idan wani ya gama, juyawa kawai ake yi. Ta ce dabarar ta bazu, har mutanen unguwar gada suna kawo nasu a yi musu.

"Kika goge ni, Mare."

"Haba, goge ki kuma? Ga ki nan tsaye. Idan muna son jin ki ba sai mu leƙo tebur na huɗu ba?"

Da Zenaida ta kai ƙara wurin Manong Pilo, sai ta tarar bugu na uku da yake shiryawa kiɗa zalla ne gaba da baya. Hotonta dai yana nan da safar hannu. Ya ce kasuwa ce ta nema, kuma ta gode wa Allah, mawaƙa nawa ne a Manila za su so a ce gari guda ya haddace waƙarsu. A hanyar gida ta sa hannu a aljihun babur ɗin Inggo ta ciro nasa kaset ɗin. Akwai salatif a samansa. Inggo ya ce ba shi ya liƙa ba, fasinja ne, kuma shi ai yana jin ta kyauta kullum a wurin wanka.

Bikin unguwarsu ya zo a watan Disamba, Zenaida ta yanke shawara za ta shiga gasa ta rera waƙar da kanta, gari ya ji yadda take. Dokar gasa ta hana ƙwararrun mawaƙa shiga, don haka kwamiti ya zauna a kanta. Bayan awa biyu da faranti uku na taliya suka yanke cewa ƙwararre shi ne wanda ake sauraro a kaset, tunda kuwa ba a samu ko mutum ɗaya a kwamitin da ya taɓa sauraronta ba, tana iya shiga.

'Yan takara goma sha huɗu ne, tara daga ciki "Ka Rubuta Sunana" suka kawo. Zenaida ce ta goma sha uku. Tana zaune a benci tana ji, sai ta lura da wani abu. Duk wanda ya iso hawa na biyun nan, inda ta sha ruwan citta dominsa, ba ya hawa. Sai ya tsaya cak, ya dafe ƙirji, ya sunkuyar da kai, ya faɗi kalmomin da baki cikin muryar kuka: ranar Litinin, masoyi, ranar Litinin. Jama'a kuma su ɗauka tare da shi. Auring ce ta fara yin haka a wani zanen suna, saboda muryarta ba ta kai can ba, gari kuwa daga bakinta ya koya.

Da aka kira Zenaida ta hau da rigar kasuwa da aka goge, ba safar hannu. Ta bi waƙar a hankali kamar yadda take bin kifi. Da ta iso wurin ta cika ƙirji ta hau, ta zauna a can sama. Jama'a sun riga sun buɗe baki za su ce ranar Litinin, sai suka tsaya da baki a buɗe suna kallon juna. An tafa mata, irin tafin da ake yi wa wanda ya yi tuntuɓe bai faɗi ba.

Auring ta zo ta ɗaya, ta ɗauki fanka. Sajan ya zo na biyu. Zenaida ta zo ta uku, aka ba ta agogon bango. Ta bi shugabar alƙalai, Misis Untalan, tsohuwar shugabar makarantar firamare, ta tambaye ta a ina ta rasa maki. Misis Untalan ta duba takardarta ta ce murya ba laifi, tsayuwa ba laifi, amma an cire mata goma saboda ta kauce wa yadda waƙar take tun asali.

"Misis, ni ce asalin."

"Mun sani, 'yata. Shi ya sa abin ya ba mu mamaki."

Daga ranar tebur na huɗu ya yi shiru. Zenaida tana cire ƙaya kamar da, har ta fi da sauri, amma ba waƙa. Auring ta kawo fankar kasuwa ta kafa ta tsakanin teburansu tana juyawa, ta hura nan ta hura can, ta ce ai tasu ce su biyu. Zenaida ta gode mata. Ta daina bin doguwar hanya.

Wata Laraba a watan Fabrairu mai kawo mata kifi bai zo ba, sai Inggo ya ɗauke ta da safe zuwa tafkunan kiwo na wajen gari su samo da kansu. Babur ba ya shiga can, dole a bi gaɓar laka da ƙafa tsakanin tafki da tafki. Inggo ya tsaya ciniki a bukka ta farko, ita ta yi gaba. Ta wuce tafki uku sai ta jiyo gogen nan daga nesa. Ta yi tsaki, ta shirya jin wani sajan. Muryar da ta shigo ta mace ce, mai tsabta, ba ta gaggawa, tana jan ƙarshen kalma yadda mutanen kasuwa ke yi. Zenaida ta yi taku huɗu kafin ta gane ta.

Daga wata bukkar gora take fitowa, ta tsohuwar lasifika da aka ɗaure a kan sanda, bakinta yana kallon ruwa. Wani tsoho yana zaune a ƙofa yana ɗinkin raga. Shi ne mai gadin tafkin, kowa Laki Anong yake ce masa, kamar yadda ake kiran kakanni. Ta gaishe shi ta tsaya, ba ta faɗi ko ita wace ce ba. A gaɓar tafkin balbelu sun fi talatin, sun jeru suna kallon 'ya'yan kifi. Waƙa ta huɗu ta yi amshi, ta hau hawa na farko, ta hau na biyu. Balbelun nan suka tashi gaba ɗaya kamar an harba bindiga, suka nufi tafkin maƙwabci.

Laki Anong ya gyaɗa kai bai ɗago ba. Ya ce shekara talatin yana fama da tsuntsayen nan. Ya gwada gwangwani, ya gwada mutum-mutumi, ya gwada kare, duk sun saba. Jikarsa ce ta ba shi kaset ɗin, shi kuwa ba ya waƙa saboda haƙora, sai ya sa gefen da ke da mutum a ciki. Tun daga ranar asarar 'ya'yan kifi ta ragu da rabi. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta yake sa shi, idan ya ƙare ya mayar da zare da fensir don kada batir ya tafi a banza.

Zenaida ta tambaye shi, a hankali, ko sauran waƙoƙin ma suna korar su.

"A'a, ta huɗu ce kawai. Sauran zama suke su saurara, ni ma haka. Ki ji ta uku idan ta zagayo. Akwai inda ƙararrawar mai askirim take shigowa can ƙasa-ƙasa, sai yarinyar ta so yin dariya ta haɗiye. Kullum sai na jira wurin. Ta biyu kuma mura take yi ranar, ko ta yi kuka kafin ta zo, ban sani ba."

Kuka ta yi ranar. Ita da Inggo ne suka yi faɗa a kan askirim.

Ta zauna a kan wani kifaffen kwando. Tsohon ya ciro kaset ya sa fensir yana juyawa, yana gunaguni cewa zaren ya fara laushi, muryar tana rawa a wasu wurare, kuma ya aika gari a sayo sabo har sau biyu ana kawo masa wanda babu kowa a ciki. Ya ce in ta san inda ake samun mai yarinyar, ta taimaka masa kafin lokacin zuba sababbin 'ya'yan kifi. Zenaida ta ce akwai guda ɗaya a gidanta, a cikin akwati, ko ledarsa ba a cire ba, za ta kawo masa ranar Litinin.

Inggo ya ƙwala mata kira daga can nesa, kifi yana jira, rana tana yi. Ta ɗaga masa hannu ya dakata. Balbelun sun fara dawowa ɗaya-ɗaya suna sauka a gaɓa, Laki Anong ya mayar da kaset ya danna, ita kuma ta gyara zama a kan kwandon don ta ji daga farko.